Farar Shadda Yadi Goma

A shekarata ta biyu a Guangzhou na koya wa wani likita ɗan ƙasar Sin Hausa. Ba koyarwa ta kai ni ƙasar ba. Na yi shekara tara ina karanta labarai a gidan rediyo, na bari, yayana ya tura ni in zauna masa a can in riƙa duba kaya a kasuwar Shahe kafin a loda su. A ƙarshen shekarun casa'in ɗin nan Hausawan garin ba su da yawa, duk mun san juna. Ina raba ɗan ofis ɗaya a benen Tianxiu da wani Alhaji ɗan Kano mai sayen takalma, wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin. Sinancina na kasuwa ne: nihau (sannu), sheshe (na gode), loban (maigida), meyo (babu), sai lissafi. Turanci ne ke fitar da ni.

Ciwon ciki ya kama Alhaji wata rana, na raka shi asibiti. Likitan da ya duba shi siriri ne, mai tabarau, bai wuce arba'in ba. Yana danna cikin Alhaji, Alhaji yana zaginsa da Hausa a hankali, sai likitan ya tsaya ya tambaye ni da Turanci ko wannan harshen Hausa ne. Na ce shi ne. Ya rubuta magani, sannan ya biyo mu har bakin ƙofa ya nemi lambar ofishinmu.

Da ya zo, bai ɓoye mini kome ba. Ya ce shi Kirista ne, shi da matarsa. Ya ce wani asibitin mishan a Jamhuriyar Nijar ya ɗauke shi aiki, kuma zai tafi da matarsa da 'yarsu mai shekara shida. A takardun da zai kai wa hukuma aikin likita zai je yi, amma a zuciyarsa bishara zai kai. Ya ce yana so in san wannan kafin in amsa, domin ya ga ina salla.

Na ce ya ba ni kwana uku.

"Me za ka yi wa tunani?" in ji Alhaji bayan likitan ya fita. "Ka fara masa da kalmar shahada, ka ce masa gaisuwar safe ce."

"Alhaji, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Mutum ya ce zai je ya juya mana 'yan'uwa, kai kuma ka gyara masa harshe? Amma dai hannunsa na da sauƙi, wannan ba zan hana shi ba. Cikin ya lafa."

Na amsa da sharaɗi ɗaya: zan koya masa Hausar gaisuwa da ta asibiti, ba zan fassara masa wa'azi ba. Dalilin da na ba kaina shi ne, mutumin da zai riƙe allura a kan yaro mara lafiya ya kamata ya fahimci uwar yaron in ta faɗi inda ke ciwo. Ban ce dalilin ya wadatar ba. Shi dai na samu a lokacin.

Kowace Asabar da safe nakan hau hawa shida zuwa gidansu. Na yi musu kaset goma sha biyu da muryar da nake karanta labarai, a hankali, ina barin wuri bayan kowace jimla don su maimaita. Matar, wadda ta ajiye aikin koyarwa saboda tafiyar, ta fi shi saurin kamawa. Shi kuwa yana rubuta kome a littafi, har tsawon wasali. Suna kirana Malam.

Gidan yana raguwa mako bayan mako. Wannan Asabar babu firji, ta gaba babu kabad ɗin littattafai, sai alamar inda ya tsaya a jikin bango. An yi musu allurar shawara, hannun yarinyar ya kumbura kwana biyu. Kwalaye sun taru a kusurwa, kowane da rubutu: magunguna, tukunyar shinkafa, kaskon suya, gidan sauro. Lokacin bazararsu ne, sa'ad da bango da ƙasan ɗaki ke yin gumi, kwalayen suna jiƙa daga ƙasa, matar tana ɗora su a kan bulo. Na lura da abu ɗaya: an sayar da gado, an yi allura, an ɗaure kaya, amma ba wanda ya taɓa ambaton ranar tafiya.

Wata Asabar muna bitar gaisuwa. Na ce, "Ina gida?" Ya ce, "Lafiya lau." Na ce, "Yaya tsofaffi?" Ya ce, "Lafiya lau," daidai, ba kuskure, sannan ya ajiye biro ya cire tabarau.

Ya ce mahaifinsa na nan a tsohon gari, shi kaɗai, shekara saba'in da huɗu. Tela ne, ya yi shekara arba'in a masana'antar tufafi. Mahaifiyar Likita ta rasu, kuma shi kaɗai suka haifa. Tsohon ba Kirista ba ne. Yana kunna turaren tsinke gaban hoton matarsa safe da yamma, kuma tun da ɗansa ya daina kunnawa tare da shi maganarsu ta ragu. A ƙasar kowane gida na da ɗan littafi na hukuma mai sunayen mutanen gidan, kuma ba a karɓar takardar neman fasfo sai da shi. Sunan Likita da na matarsa da na 'yarsu duk suna cikin littafin tsohon. Ya kulle shi ya hana. Abin da yake faɗa ɗaya ne: in ɗansa ya tafi, wa zai tsaya a kansa ranar da ya mutu?

"Akwai hanyar da zan bi ta wajen 'yan sanda in samu takarda a madadinsa," in ji Likita. "Ba na so in fita ta bayan mahaifina. Ina so ya miƙo mini da hannunsa."

Sai ya roƙe ni in raka shi gaisuwa. Ya ce tsohon bai taɓa zama da baƙar fata ba, yana ganin ƙasar da za su je daji ce kawai da cuta. In ya ga mutumin can mai hankali, mai karatu, wataƙila zuciyarsa ta yi sanyi.

Na gaya wa Alhaji. Ya ce, "Hannu rabbana za ka je wa dattijo? Haba, Malam, a ina aka rene ka?" Ya buɗe akwatinsa ya ciro farar shadda yadi goma wadda ya zo da ita daga Kano don ɗinkin salla. "Kai masa wannan. Tela ne, zai san abin da aka ba shi. Su da suke cika mana kasuwa da yadin leda, yau su ga yadi."

"Ba za ka ba shi shuɗiyar nan da ke cikin akwatin ba?"

"Shuɗi na yara ne. Dattijo sai fari."

Na yarda da shi, domin haka na sani. A wurinmu ba abin da ya kai fari girmamawa. Na naɗe ta a takarda, ban gaya wa Likita abin da ke ciki ba.

Ranar Lahadi da hantsi, bayan sun taso daga ibadarsu, muka tafi mu huɗu. Gidan na cikin wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa, ƙofarsa irin ta da ce, ta sandunan katako a kwance da ake turawa gefe. A ciki akwai teburi, kujeru huɗu, keken ɗinki na ƙafa an rufe shi da zane, sai hoton matar tsohon a kan ɗan kanta da lemo uku a gabansa. Tsohon gajere ne, gashinsa fari fat, yatsunsa sun lanƙwashe. Yaren garin yake yi, wanda ba na ji ko kaɗan, saboda haka matar Likita ce ke fassara. Na rusuna na gaishe shi. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce wani abu, matar ta ce yana yabon wanda ya yanka mini kaftani. Ya zuba mini shayi.

Na yi bayanin da aka kawo ni in yi. Na ce mutanenmu na girmama baƙo, suna girmama likita. Ya tambayi ko akwai shinkafa, na ce akwai. Ya tambayi kwana nawa wasiƙa ke yi, na ce mako uku, wani lokaci huɗu. Bai ƙara tambaya ba. Da na ga hira ta tsaya, sai na miƙa masa ƙunshin da hannu biyu.

Ya buɗe. Na ji matar ta ja numfashi. Likita ya miƙe tsaye ya fara magana da sauri, tsohon ya ɗaga hannu ɗaya ya tsayar da shi. Ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya kai shi bakin ƙofa ya duba a haske, ya auna daga hanci zuwa ƙarshen hannu har sau goma. Sannan ya juyo gare ni, ya bar yaren garin, ya tambaye ni da Sinancin da nake ɗan ji, kalma-kalma: wa ya zaɓa?

A nan na yi kuskure na biyu, kuma ya fi na farko. A wurinmu in ka raka mutum wajen mahaifinsa da kyauta, ba ka cewa taka ce. Sunansa kake sa wa, don uban ya sa masa albarka. Na nuna Likita da hannu, na ce da ɗan Sinancina, "Shi. Ɗanka."

Tsohon ya dubi ɗansa. Ban taɓa ganin kallo irin wannan ba, ba fushi a ciki, kamar mai duba ɗinkin da ya riga ya san ya karkace. Ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwanin biskit, ya ciro ɗan littafi mai bango ruwan goro ya ajiye a teburi gaban Likita. Ya ɗauki shaddar ya koma ciki ya rufe ƙofa.

Ni a lokacin murna nake. Na ɗauka kyautar ce ta yi aiki.

Sai da muka fito lungu Likita ya jingina da bango, littafin a hannunsa, ya ce mini da Turanci, "Malam, a wurinmu farin yadi shi 'ya'ya ke sawa ranar da za a yi jana'izar ubansu. Ba a kai shi gidan mai rai." Yarinyar na jan rigar uwarta tana tambayar me ya sa kaka ya shige. Na ce mu koma yanzu. Muka koma, muka buga, ba a buɗe ba.

Da na gaya wa Alhaji, ya yi salati ya dafe kai. "Fari? Fari kuma? Wace irin ƙasa ce wannan?" Can ya ce, a hankali, "Da mun ba shi shuɗiyar." Ranar bai ci abincin rana ba.

Washegari da safe na koma da matar Likita. An buɗe mana. An yaye zanen da ke kan keken ɗinki, shaddar kuwa an wanke ta an shanya a igiya a tsakar ɗaki, duk ƙyallinta ya mutu. Na tsaya na faɗi kome a jere, yadda ake karanta gyaran labarin da aka yi kuskure a cikinsa: ni na kawo, abokina ya zaɓa, ɗansa bai san abin da ke cikin takardar ba, kuma ƙarya na yi da na ce shi ne, don a wurinmu hakan ladabi ne. Matar ta fassara tana kuka.

Ya saurara har ƙarshe. Abin da ya amsa, kamar yadda ta juya mini shi ne:

"Ki gaya wa baƙon nan na sani. Kafin ku kai bakin lungu na gane. Ɗana ba zai yi haka ba. Amma da ya nuna shi, na yarda. Na yarda na tsawon shan shayi kofi ɗaya. Uban da zai iya yarda da wannan a kan ɗansa, me zai yi da littafi? Ba littafin ke riƙe shi ba."

Na ce a mayar masa da littafin, kamar ba a yi ba. Ya ɗauko almakashi ya nuna mini teburin yanka. Ya riga ya zana alli a jikin takardar awo.

Mako biyu littafin na kan kwalin magunguna a gidan Likita, ba wanda ya taɓa shi. Ba mu yi karatu sosai ba. Ya ce mini yana addu'a bai sami amsa ba. Ya tambaye ni, a addininmu, me ake cewa game da ɗan da ya bar tsohon ubansa don aikin Allah. Na gaya masa abin da na sani, cewa a wurinmu hidimar iyaye ita ake sa wa gaba. Ya gyaɗa kai ya ce a nasu littafin ma akwai wannan, kuma akwai kishiyarsa. A Asabar ta uku littafin ba ya kan kwalin. Matar ta ce an kai ofishin fasfo. Ban tambayi wanda ya kai ba.

Kafin biza ta fito tsohon ya aika su zo awo. Ba na nan, matar ce ta ba ni labari. Ya auna ɗansa kafaɗa da hannu da tsawo, ya auna ta, ya auna jikarsa ya ƙara mata taƙi ɗaya saboda girma. Ya ɗinka riguna uku. Na gan su ranar da ake rufe kwali na ƙarshe. Ɗinkin ya miƙe kamar an ja da layi, amma bakin hannu da na ƙasa duk a sake, zare na zuba, ba a kalmasa ba, domin haka rigar makoki take a wurinsu. Saƙon da ya haɗo da su gajere ne: tunda ba za su kasance ba, su sa a can ranar da labari ya iske su.

Sun tashi da jirgin ƙasa na safe zuwa Hong Kong. 'Yan ibadarsu kaɗan sun zo, sun tsaya nesa da juna don kada a lura da su. Tsohon bai zo ba. Likita ya riƙe hannuna ya ce da Hausa, kowane wasali a wurinsa, "Malam, don Allah ka riƙa duba mini Baba."

Na duba shi. Da farko kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan biya da lemo. Mukan zauna ba magana, ya zuba mini shayi, in sha, in ce sheshe, in tashi. Sau ɗaya ya karɓi hulata ya gyara inda ta warware. In wasiƙa ta zo yakan nuna mini kan sarkin da ke jikin ambulan, ya mayar cikin gwangwanin biskit. Daga baya kaya suka yi yawa, zuwana ya koma sau biyu a wata, sannan sau ɗaya. Wannan ma ina so a rubuta shi.

Tsohon ya rasu a cikin sanyin shekara ta biyu da tafiyarsu. Wata maƙwabciya ce ta ga bai buɗe ƙofa ba, ta sami katina a cikin gwangwanin ta bugo ofis. Na aika faks zuwa ofishin mishan ɗin a babban birnin Nijar a ranar, ina sane da cewa daga can sai an sami mota mai zuwa garin da suke. Hukumar unguwa ta sa jana'iza rana ta uku.

Da safen ranar na ciro farin kaftanina daga akwati na shimfiɗa a gado. Na daɗe ina kallonsa. Ni ba ɗansa ba ne, ba addininmu ɗaya ba, kuma na riga na ga abin da fari ya yi a hannuna sau ɗaya. Na ji tsoron in sake yin wani kuskuren da ban san sunansa ba. Na ninke shi, na sa baƙar kwat.

A garin ƙone gawa ake yi. An ba mu ɗan zaure na ɗan lokaci, wasu na jira a waje da tasu gawar. Mu bakwai ne: maƙwabciyar, wani jami'in unguwa, tsofaffi huɗu daga masana'antarsu, da ni. Ma'aikacin wurin ya tambayi ina ɗan mamacin, wanda zai riƙe hoto a gaba. Jami'in unguwa ya riƙe.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki wasiƙar Likita ta zo, da Hausa, a rubutun nan nasa mai kama da na ɗab'i. Ya ce labarin ya iske shi kwana goma sha ɗaya bayan rasuwar. Suka buɗe kwalin, suka sa rigunan su uku, ta yarinyar ta zo daidai. Ya tafi asibiti da tasa a jikinsa domin akwai marasa lafiya na jira. Tun daga bakin ƙofa mutane ke ce masa, "Likita, ka sha kwalliya! Yau suna ake yi?" Mata na taɓa shaddar suna yabawa. Wani tela da ya kawo matarsa ya kama bakin hannun rigar ya ce wane ragon tela ne ya bar wannan haka, a ba shi ya kalmasa kyauta. Da ya gaya musu babansa ne ya rasu, sai aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, mutanen garin suka zauna da shi kwana uku, suna ce masa Allah ya ba da haƙuri. Ya ce ya san amsar wannan gaisuwar, tana cikin kaset na tara.

A ƙasan wasiƙar ya yi tambaya ɗaya. Ya ce, "Malam, ranar, akwai wanda ya sa fari?"

Alhaji ya ce in rubuta masa cewa ni na sa. Ya ce wa zai sani, kuma ai lada ne. Na ajiye wasiƙar kwana biyar. Na tuna cewa sau ɗaya na taɓa yin ƙaryar ladabi a gidan nan. A rana ta shida na ɗauki biro na faɗi mutum nawa ne, wa ya riƙe hoton, da inda aka ajiye tokar. A layi na ƙarshe na rubuta: babu.